Me ya sa gatarin da aka ƙera da sifirin mota yake tsagewa bayan an ba shi ruwa?

Malam, tambayarka kamar yadda ta iso ni ita ce: kana sayen tsohon sifirin babbar mota kana ƙera gatari da cizal da diga. In ka ba su ruwa, wato ka tsoma su da zafinsu don su taurara, sai ka ji ƙas, ko dai tun suna cikin bokiti, ko kuma ranar da mai gatarin ya kai wa icce saran farko bakin ya ɓalle. In ka ji tsoro ka bar su suka huce a iska, bakin ya dakushe ko ya lanƙwashe kafin la'asar. Kana son sanin ko ƙarfen ne ba shi da kyau, da kuma yadda za ka sa ya yi ƙarfi ba tare da ya riƙa karyewa ba.

Ƙarfen ba shi da laifi. Sifirin mota yana cikin ƙarafa mafi kyau da maƙeri zai samu a kasuwar gwangwan. Abin da ke faruwa shi ne kana ba shi horon da ya dace da wani ƙarfe daban, sannan kana tsayawa a rabin aiki.

Akwai abubuwa uku da bakinmu yake haɗawa ya kira su ƙarfi, alhali ba ɗaya ba ne. Akwai tauri, wato ƙin karcewa da ƙin dakushewa. Akwai ƙarfin ɗaukar nauyi ba tare da lanƙwashewa ba. Akwai kuma juriya, wato ƙarfe ya sha duka ya shanye bai tsage ba. Ɗauki magagarinka ka sake shi a kan daɓen siminti, yana iya rabewa biyu, ga tauri amma ga gautsi. Wayar ɗaure rodi kuwa ka murɗa ta yadda ka ga dama ba ta karyewa, amma ba ta yanka ko albasa. Tauri da ƙarfi tare suke tafiya, juriya ce kishiyarsu. Duk aikin wuta a kan ƙarfe ciniki ne tsakanin waɗannan biyu, kuma gatari yana buƙatar su duka.

Yawancin sifirin mota ana yin sa da ƙarfen da Amurkawa suka sa wa lamba 5160, ko wani danginsa. Wannan 60 ta ƙarshe tana nufin sinadarin kabon kashi 0.6 cikin 100: a ƙarfe mai nauyin kilo 100, kabon giram 600 ne kacal. Akwai kuromiyam tsakanin kashi 0.7 da 0.9, da manganis daga 0.75 zuwa 1. Wasu sifirin na dangin 9260 ne, masu silikon wajen kashi 2, wasu kuma 6150 ne masu ɗan banadiyam. Ƙwayar barkono ce a tukunya, amma ita ke sauya ɗanɗanon miyar gaba ɗaya.

Ga abin da ke faruwa a cikin wuta. A yanayin sanyi, ƙwayoyin zarra na ƙarfe suna jere a wani tsari da ba shi da wurin ajiye kabon, abin da zai iya riƙewa bai wuce kashi 0.02 ba. Sauran kabon ɗin yana zaune gefe a matsayin wasu siraran faifai masu tauri. Da zafi ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyas sai jerin ya fara sauyawa zuwa wani tsari mai yalwar ɗaki, wanda ake kira ostinait, sunan da aka ciro daga na wani masanin ƙarafa na Ingila, Roberts-Austen. Wannan tsarin yana shanye kabon kamar yadda shayi mai zafi ke shanye sukari. In ka bar ƙarfen ya huce a hankali, kabon ya samu lokacin fita ya koma mazauninsa, ƙarfe ya dawo da laushinsa. Gatarinka mai dakushewa ke nan. In kuwa ka sanyaya shi farat ɗaya, jerin ya yi yunƙurin komawa tsohon tsarinsa alhali kabon bai fita ba. Ka tuna motar haya ranar kasuwa, an cusa mutum tara a mazaunin mutum biyar an danna ƙofa da gwiwa: ba mai iya motsi, kuma ko'ina a takure yake. Wannan takurarren tsari shi ne matinsait, daga sunan Bajamushe Adolf Martens. Rashin motsin shi ne taurin da kake nema, takurar kuma ita ce gautsin da kake kuka da shi.

Matinsait yana kumbura. Ya fi ostinait cin wuri, a ƙarfe mai kabon da yawa bambancin yakan kai kusan kashi 4 cikin 100. A ruwa, fatar ƙarfen takan sandare cikin ƙiftawar ido tun ciki yana da zafi. Can daga baya cikin ya zo nasa sauyin, ya kumbura, ya tarar fata ta riga ta ƙage ba ta miƙewa. Ƙas ɗin da kake ji a bokiti ke nan.

To me ya sa magabata suke ba ƙarfe ruwa ba ya tsagewa? Domin ƙarfen da ba shi da gauraye, wato ƙarin sinadarai irin su kuromiyam, dole sai an yi masa gaggawa, kabon ɗinsa yana tserewa cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka, in ba ruwa ba ba abin da zai cim masa. Kuromiyam da manganis da molibdinam kuwa aikinsu su riƙe wa kabon ƙafa. Mutane da yawa suna zaton kuromiyam ne ke ƙara taurin baki. A'a, iyakar taurin da ƙarfe zai kai kabon ne ke yanke shi. Gaurayen yana ba ka lokaci ne, ta yadda ko an sanyaya a hankali taurin zai samu, kuma ya ratsa har tsakiyar ƙarfe mai kauri. A 1938 wasu injiniyoyin kamfanin General Motors, Jominy da Boegehold, suka fito da gwajin da har yau ake auna wannan da shi: sandar ƙarfe mai kaurin milimita 25 da tsawon kusan 100, a gasa ta, a fesa wa ƙarshenta ɗaya ruwa, sannan a bi ta da awo a ga inda taurin ya tsaya. Ƙarfe marar gauraye taurinsa yana faɗuwa bayan 'yan milimitoci, mai gauraye kuwa ya yi nisa. Saboda haka ruwa ya yi wa sifirin tsanani. Mai yake so.

Man gyaɗa yana yi, kuma ka ɗan ɗumama shi zuwa digiri 50 ko 60, domin mai mai ɗumi ya fi tsinkewa, ya fi zagaya ƙarfen daidai. Na san mafi yawa baƙin man inji ake amfani da shi saboda araha. Yana taurara ƙarfe, ba na musu, amma hayaƙinsa guba ne, kuma yau ka samu mai kauri gobe mai ruwa a ciki, ba za ka taɓa sanin hannunka ba. Ko wanne ka zaɓa, a zuba shi da yawa a mazubin ƙarfe mai murfi, don in wuta ta kama murfi ne maganinta, ba ruwa ba. Ka tsoma baki ya fara shiga a miƙe, ka riƙa kai shi sama da ƙasa, kada ka kaɗa shi gefe da gefe, yin haka ne ke karkatar da shi. Ruwan gishiri ya fi ruwan zalla tsanani, ruwan randa da safiyar hunturu ma haka, duk ka nisance su a kan sifirin.

Sai dai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Sau da yawa akan ɗora wa ruwa laifin da tun a murhu aka yi shi. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne manne da juna kamar tsakin dawa a dambu. Duk lokacin da zafi ya wuce kima ƙwayoyin nan suna cinye juna suna girma, kuma ƙarfe mai manyan ƙwayoyi tsaga tana gudu a cikinsa ba abin da ke tare ta. Lokacin ƙira kana kai shi digiri 1,000 ko fiye, ya yi ruwan ɗorawa, dole ne, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Amma wannan zafin na duka ne, ba na tsomawa ba. Zafin tsoma sifirin yana tsakanin digiri 830 da 860, ja ne mai haske wanda bai kai ruwan lemo ba. Ido kuma maƙaryaci ne: a hasken rana tsaka, ƙarfen da ya kai 950 sai ka gan shi kamar bai nuna ba. Ka yi wannan aikin a inuwa mai duhu ko bayan magariba.

Akwai shaidu biyu da ba su buƙatar kuɗi. Maganaɗisun tsohuwar sifika yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770. Gishirin miya kuma yana narkewa a 801. In maganaɗisu ya saki, ka barbaɗa ɗan gishiri ya narke ya kwanta, ka ƙara kaɗan, ka riƙe shi a wannan launin har ka tabbata zafin ya ratsa ko'ina daidai, sai mai.

Kafin ma a kai nan akwai matakin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma ni a ganina shi ne mafi arahar riba a duk sana'ar. Bayan ka gama ƙira, ka mayar da ƙarfen wuta zuwa wajen digiri 870, ka fitar, ka bar shi a iska har ya yi baƙi. Ka maimaita sau biyu ko uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Duk zagaye ɗaya sababbin ƙwayoyi ƙanana suna tsirowa a madadin manyan. A farkon shekarun 1950 wasu masana biyu a Ingila, Hall da Petch, suka nuna da lissafi cewa ƙarfin ƙarfe yana hawa gwargwadon ƙanƙantar ƙwayarsa. Abin da ya sa wannan ya fita daban shi ne, sauran dabarun ƙara ƙarfi duk sai sun ci wani abu daga juriya, ƙanƙantar ƙwaya kuwa tana ƙara su biyun tare. Don wannan ne masana'antu ke sa ɗan banadiyam ko alminiyam a ƙarfe, su tokare iyakokin ƙwayoyin kada su girma.

Wasu ƙananan abubuwa ma suna buɗe wa tsaga ƙofa. Kada ka wasa baki ya yi siriri kafin tsomawa, bar masa kaurin milimita 1 zuwa 2, ka ƙarasa daga baya, domin iskar zuga-zugi tana ƙone kabon ɗin fatar waje, kuma siririn baki ne ke fara tsagewa. Kusurwa mai kaifi da zurfin sawun masaɓa nan tsaga ke farawa. Sannan tsohon sifirin ya yi shekaru yana lanƙwasa a kan hanya, wanda ya karye a mota ba ya rasa 'yan tsage-tsagen gajiya kusa da inda ya karye da kuma wajen hudar tsakiya. Yanke waɗannan wuraren ka yar, ba wutar da za ta ɗinke su.

Yanzu ga rabin aikin da ka bari. Ƙarfen da ya fito daga mai, in ka goga masa magagari ya zame bai ci ba, ya kai wajen 60 a ma'aunin Rockwell, wanda ake auna taurin ƙarfe da shi. A wannan halin bai zama kayan aiki ba tukuna. Sai an mayar da shi wuta mai sauƙi an sassauta shi, abin da ni nake kira lallashi. Zafi kaɗan yana ba wani ɓangare na kabon ɗin da aka tsare damar fitowa ya zama ƙananan ɗigo masu tauri, takurar ta ragu, ƙarfe ya sauke fushi. Tauri ya ɗan sauka, juriya ta hau sosai.

Kuma ba a jinkirta shi. Da zarar ƙarfen ya huce yadda za ka iya riƙe shi da hannu, a fara. Ina ɗalibi a wani wurin koyon aiki muka taurara wasu ƙananan sanduna da yamma, muka ce gobe ma rana ce, muka jera su a kan tebur. Da safe muka tarar biyu sun tsage daga sama har ƙasa, ba wanda ya taɓa su. Takurar da ke ciki ce ta yi ta aiki cikin dare.

Zafin lallashi shi ne inda kake zaɓar abin da ƙarfen zai zama. Wuƙa da aska, digiri 180 zuwa 200. Gatari da bakin cizal, 200 zuwa 230. Shi kansa sifirin a masana'anta ana sassauta shi a sama da 400, taurinsa ya sauko arba'in da 'yan kai, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo. Sandunan inji da aka yi da ƙarfe 4140, mai kuromiyam da molibdinam, ana kai su 540 zuwa 650. Wannan 4140 ɗin in aka sassauta shi a 200 yana da ƙarfi ƙwarai amma miƙewarsa kafin ya tsinke kaɗan ce. A 650 ƙarfin ya ragu zuwa wajen rabi, miƙewar ta ninka. Ƙarfe ɗaya, tukunya ɗaya, bambancin kawai inda aka tsayar da wuta.

Mai hankali zai ce ashe duk ƙarin zafi ƙarin juriya ne. Ba haka ba ne, akwai rami a hanya. Tsakanin digiri 260 da 370 ko kusa da haka, tauri yana raguwa amma juriyar duka ita ma tana faɗuwa, asara biyu ke nan, saboda a wannan zafin kabon yana fitowa ne a matsayin siraran faifai a kan iyakokin ƙwayoyi, tsaga kuma ta bi su kamar layin dogo. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don launin shuɗi da maƙera da yawa ke jira a bakin gatari a wajen digiri 300 yake, tsakiyar ramin. Launukan suna bi da bi a kan ƙarfen da aka goge ya yi fari: ruwan busasshiyar ciyawa a wajen 220 zuwa 230, ruwan ƙasa a 250 zuwa 260, shunayya a 280, shuɗi a 300. Ga bakin gatari na sifirin, ka tsaya a busasshiyar ciyawa mai ɗan duhu. Silikon yana tura wannan rami gaba, shi ya sa ƙarfen 300M da ake yin ƙafafun saukar jirgin sama da shi, wanda aka ƙara wa silikon, ake iya sassauta shi a wajen 300 lafiya lau. Amma kai da ba ka san ko sifirin da ke hannunka mai silikon ba ne, kauce wa wurin kawai.

Dabarar gargajiya, a tsoma baki kaɗai, a fitar, a goge da dutse da sauri, a zuba ido launi yana gangarowa daga jiki mai zafi zuwa baki, sannan a sake tsomawa, dabara ce mai hikima, ba na raina ta. Tana bar maka baki mai tauri da jiki mai laushi, kuma haka ake so: wutsiyar gatari da ke shiga ƙota da kan cizal da masaɓa ke duka bai kamata su taurara ba, kan cizal mai tauri ɓallewa yake ya shiga ido. Rauninta shi ne lallashin na 'yan daƙiƙu ne, ya fi tsayawa a fata. In kana da obin na girki, ko tukunyar yashi da ma'aunin zafi, awa ɗaya a digiri 210, a bari ya huce, a sake wata awar, ya fi ta nesa ba kusa ba. Dalilin maimaitawar shi ne akwai ɗan ostinait da ke maƙalewa bai sauya ba, bayan zagayen farko yana iya zama sabon matinsait mai gautsi, zagaye na biyu ne ke lallashinsa.

Akwai rami na biyu, wanda ya fi shafar manyan sassan inji. In ƙarfe mai kuromiyam da nikel ko manganis ya daɗe tsakanin digiri 375 da 575, ko ya huce a hankali ta wannan tsakanin, dattin da ke cikinsa irin su fosfaras da kuza da antimoni suna taruwa a iyakokin ƙwayoyi su raunana su. Awon tauri ba ya nuna komai, sai ranar da abu ya fashe. A watan Satumba na 1969 faifan wani injin tabain, mai juya janareta, a tashar lantarki ta Hinkley Point a Ingila ya tarwatse yana cikin juyi, bincike ya gano wata ƙaramar tsaga ce a ramin da ake kulle faifan da sandarsa, ƙarfen kuma ya riga ya yi irin wannan gautsin, bai iya jure ta ba. Maganin wannan gautsin molibdinam kaɗan, da ƙarfe mai tsabta, da kuma sanyaya abu da sauri bayan an sassauta shi a wajen 600.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake gani a garejoji yana tayar mini da hankali. Ƙusar noti mai lamba 8.8 ko 10.9 a kanta an taurara ta, an sassauta ta a zafin da bai gaza digiri 425 ba. Makanike ya sa mata wutar gas ta yi ja don ta kwance, ya mayar da ita: lambar tana nan, ƙarfin ya tafi. Mai walda ya ɗinke karyayyen sifirin, gefen ɗinkin ya huce da sauri ya zama matinsait da ba a lallasa ba, nan zai sake karyewa, wataƙila da lodi a kan gangara. Gatari in ya ɓalle asarar kuɗi ce. Hannun sitiyari da aksul da duk abin da rai ya rataya a kansa, kada ka yarda a kawo maka ka gasa da ido, ko nawa za a biya. Haƙoran giyar mota kuma wani aiki ne daban: ƙarfe ne mai kabon wajen kashi 0.2 da aka shayar da fatarsa ƙarin kabon a digiri 900 zuwa 930, waje tauri ciki laushi, in ka ƙera wuƙa da shi da ka wasa fatar ta tafi shi ke nan.

Tun da sifirin da kake saye ba iri ɗaya ba ne, duk sabon da ya shigo hannunka ka yanki 'yan guntaye uku masu kaurin bakin gatari. Na farko ka tsoma shi daga zafin ƙira, na biyu ka yi masa zagayen iska uku sannan ka tsoma a zafin narkewar gishiri da ɗan ƙari, na uku ka yi masa kamar na biyu ka ƙara da lallashi. Ka ɗaure kowanne a bais, ka rufa masa tsumma, ka kare idonka, ka doke shi da masaɓa. Na farko zai ɓalle da bugu ɗaya, fuskar karayar tana ƙyalli da manyan ƙwayoyi kamar sukari. Na biyu shi ma zai ɓalle, amma fuskarsa toka-toka ce mai laushi kamar garin siminti. Na uku sai ka yi ta duka kafin ya ba da kai, wani lokaci ma ya ɗan lanƙwasa tukuna. In na biyu bai taurara a mai ba, magagari ya ci shi, to wannan sifirin gaurayensa kaɗan ne, shi kaɗai za ka gwada wa ruwa, kuma mai ɗumi.